Hajiya, ki dakata da sayen kart, a fara duba fankar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya, ranki shi daɗe, na ga tambayarki. Kin ce murhunki mai allon lantarki, wanda kike gasa gato na biki da suna a fur ɗinsa, da ya ɗauki zafi sai ya yi ƙara, lamba ta fito a allo, fur ya mutu. Littafinsa ya ce matsalar fankar sanyaya ce, wani mai gyara kuma ya ce sai an canza kart gaba ɗaya, wato faifan lantarkin ciki da ke sarrafa murhun. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan murahu a nan Maradi, kuma a wannan matsala kart ne na ƙarshe da nake zargi.

Galibinsu fanka biyu gare su. Wadda kike gani a bangon ciki in kin buɗe ƙofa ita ke juya zafi don gato ya gasu daidai, ba da ita ake ba. Ta biyun a ɓoye take, a saman fur ko ta baya kusa da allon maɓallai, tana jawo iska ta kore zafi kada kart da wayoyi su dahu. Ita ce kike jin tana ci gaba da huci bayan kin kashe fur. A wasu murahun zamani akwai ɗan maganaɗisu a kan sandar motarta, da wata ƴar na'ura mai waya uku a gefe, tana ƙirga juyin fanka tana sanar da kart. In ƙirgen ya gaza abin da aka tsara, kart sai ya yanke wuta. Kowane kamfani da tasa lambar: Whirlpool da KitchenAid kan nuna F8E0, GE kuma F350. Abin da lambar ke faɗa kawai shi ne ƙirgen juyi bai kai ba. Dalilin da ya hana shi kaiwa, wannan mu za mu nemo.

Gwajin farko da kanki za ki yi, ba ko sisi. Ki kunna fur, ki kasa kunne, ki kai bayan hannu kusa da kafar da iska ke fita, ƙarƙashin maɓallai ko can baya. Ko dai ki ji shiru, ko ki ji gurnani ba iska, ko ki ji iska sosai amma duk da haka lamba ta fito.

Gurnani ba iska shi na fi tararwa, kuma ƙura ce. Tun daga Nuwamba har Fabrairu hazo na shiga ko'ina, ya haɗu da tururin man suya, ya zama kamar danƙo a kan fukafukan fanka da bakin sandarta. Motar kuwa ƴar ƙarama ce, ba ta da ƙarfin tashi in an riƙe ta ko kaɗan. Ban da wannan na sha fitar da busasshiyar tsaka, da gidan zanzaro, da tsummokaran da ɓera ya tara ya yi sheƙa saboda ɗumi. Kafin kowa ya taɓa noti, a zare fishi daga bango, a rufe kan tukunyar gas, a bar fur ya huce. A cire marfin baya, a juya fanka da yatsa: lafiyayya takan ɗan ci gaba da juyawa bayan an sake ta. In ta cije, tsohon buroshin haƙori da tsumma sun isa, sannan ɗigon man keken ɗinki a kowane bakin sanda. Kada a sa man gyaɗa don Allah, wata ɗaya ba zai yi ba zai daskare ya fi da. Ruwa kuma kada ya kusanci naɗin wayar motar.

In iska na fita da ƙarfi amma lamba na nan, sai a duba mai ƙirgen. Sau da yawa ɗan fishinsa ne ya saki saboda jijjigar hanya ko jan murhu wajen shara, ko ƙura ta rufe shi, ko maganaɗisun ya goce daga mazauninsa.

A nan ne kuma maganar kuran, wato wutar lantarki, ke shigowa, wadda masu gyara da yawa ba su kulawa da ita. Wutarmu volt 220 ce, Hz 50; Hz shi ne yawan kai-komon da wutar ke yi a daƙiƙa ɗaya, kuma da shi gudun motar ke tafiya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kowa ya kunna kilim da fanka, wuta kan yi rauni da yamma, motar sai ta yi sanyi. Ƙaramin gurup, wato janareto, ma haka, in an ɗora masa kaya ya fara nishi. Ki lura ko lambar ta fi fitowa da yamma ko a kan gurup; in haka ne, ki gwada gashi da sassafe ki ga bambanci, maganin kuma regilata ce mai ɗaukar nauyin murhun. Sannan ki duba ƴar takardar ƙarfe da ke manne a bakin ƙofar fur ko cikin durowar ƙasa. In murhun ɗan gwanjo ne da aka ƙera don Amurka, za ki ga an rubuta 60 Hz. Taransifoma na iya rage volt ya koma 120, amma ba ya canza Hz, kuma motar da aka yi don 60 takan rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na gudunta a kan 50. Irin wannan murhu ƴar ƙura kaɗan ta isa ta sa shi ya yi ta kuka, ko da an sa masa sabon kart fil.

Shiru ɗungurungum kuwa aikin mitar awon wuta ne. Mai gyara ya auna ko wuta na isa motar. In tana isa ba juyi, naɗin ya ƙone, a nemi wata motar mai girma da volt iri ɗaya, a tafi da tsohuwar a hannu babbar kasuwa, in ba a samu ba a aika Kano. In wutar ce ba ta zuwa, sai a bi waya da fiyus ɗin zafi, daga nan ne za a kai ga kart. Ko a nan ma sau da yawa ɗan rile guda, wato makunnin da ke kan kart mai sakar wa motar wuta, shi ne ya ƙone ko dalmarsa ta tsage, kuma masu gyaran talabijin na canza shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar haɗe wayoyi don a rufe bakin lambar. Fur zai yi aiki, gaskiya ne, amma kart na can yana gasuwa tare da gaton, robar wayoyi na narkewa kusa da bututun gas. Duk wanda ya kawo miki wannan shawara, ki sallame shi da girma da arziki.

Ki kuma duba ko murhun ya manne da bango, ko ana shanya tawul ko jingina faranti a kan kafar iskar, don duk suna toshe iska. Ki turo mana hoton lambar da na takardar ƙarfen, ki faɗi abin da kunnenki ya ji, in gaya miki wace motar za a nema in har ta kai ga haka.