Amsa ga Bello a Kan Aikin Marafan Kwalba

Bello, ɗana,

Ranar Alhamis bayan la'asar, muna cikin juye buhun gawayi, ka miƙo mini wayarka ka nuna mini hoton wani abu mai kama da ƙatuwar darduma da aka rataye a bango, tana sheƙi kamar da zinariya aka saƙa ta. Ka ce da marafan kwalba aka yi ta, kuma Turawa suna sayen irinta da maƙudan kuɗi. Sannan ka tambaye ni ko wannan aiki da namu abu ɗaya ne, tunda mu ma daga hannun 'yan bola-jari muke samun ƙarfe, kuma ko zan yarda ka rage ƙera kurfoti ka gwada irinsa. Ban amsa maka nan take ba, domin magana ce da ba a yin ta a tsaye cikin ƙarar guduma, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Mai wannan aiki sunansa El Anatsui. A ƙasar Gana aka haife shi a shekarar 1944, ya zo Nijeriya a 1975 ya kama koyarwa a jami'ar Nsukka, inda ya shekara fiye da talatin yana karantar da ɗalibai. Ya daɗe yana aiki da yumɓu da itace, ya kuma yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak da tsofaffin magogin rogo, kafin a ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu cike da marafan kwalaben barasa da aka yar. Yanka su ake yi, a baje, a lanƙwasa, a huda, sannan a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, akwai samari masu yawa da suke zaune suna wannan ɗinki a wurin aikinsa. Sunansa ya game duniya a 2007, lokacin da aka rataye aikinsa a gaban wani tsohon gini a birnin Benis na Italiya, a 2015 kuma aka ba shi babbar lambar yabo a can. Ka yi lissafi da kanka: a 2007 yana da shekara 63, kuma duk tsawon lokacin da yake gwaje-gwajensa yana karɓar albashin koyarwa. Gaskiya ne an sayar da wasu ayyukansa sama da dala miliyan ɗaya, amma ka san abin da Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a wannan magana ko dutsen ka nufa ko kuɗin Amurka, duk karin maganar ta zauna.

Game da tambayarka ta farko, mu a Sakkwato ba baƙi ba ne wajen raya abin da aka yar. Kakanninmu tama suke haƙowa su narke ta kafin su sami ƙarfe, amma tun da mota da jirgin ƙasa suka shigo aka daina wannan wahala, aka koma ga tsohon ƙarfe. Ka zaga Maƙerar Assada ka duba: adda da gatari da wuƙar da ake ƙerawa, akasarinsu daga sifirin ɗin mota ne. Fitilar aci-bal-bal da muka yi karatun allo da ita gwangwanin madara ce, gugar rijiya tsohon tub ne, takalmin da makiyaya suke taka ƙaya da shi tsohuwar taya ce, dukawanmu kuma ba sa zubar da guntayen fata, da su suke yi wa tum-tum ado. Kai kanka ka yi motar langa-langa kana yaro. Ta wannan fuska, sana'ar ɗaya ce.

Inda muka rabu shi ne abin da kowa yake yi da tarihin kayan. Ni idan na ɗauki sifirin, burina in shafe asalinsa gaba ɗaya, ta yadda manomin da ya sayi addar ba zai tuna da mota ba, abin da ya dame shi kawai ta yi kaifi kuma kada ta karye. Shi kuwa El Anatsui da gangan yake barin asalin a fili. Daga nesa za ka ga mayafi na alfarma, idan ka matso sai ka karanta sunayen barasa a jikin marafan, kuma ya sha bayyana cewa wannan yana tuna masa da barasar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musanya ta, har da bayi. Haka wani mutumin Jamhuriyar Benin, Romuald Hazoumè, yake amfani da jarkunan da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Nijeriya. Duk wanda ya san hanyar Illela zuwa Ƙonni ya san irin rayuwar da jarka take yi kafin ta fashe. A Mozambik kuma, bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1992, an riƙa karɓar bindigogi ana ba mutane fartanya da keke da keken ɗinki, aka daddatsa bindigogin, har wani ya haɗa kujera da su a 2001, tana nan a babban gidan tarihi na Landan. Da an narkar da bindigogin an zuba sabuwar kujera mai santsi, da babu wanda zai tsaya kallonta. Saboda haka kafin ka tara komai, ka tambayi kanka abin da kayan yake faɗa game da mutanen da suka yar da shi. Idan ba ka da amsa, tarin bola kawai za ka ɗinka.

Zan ƙara maka da abu ɗaya, tunda a garin Shehu muke. Shi mutumin Benin fuskoki yake fitarwa daga jarkunan, mariƙin ya zama hanci, bakin jarkar ya zama baki. Wannan ba zan koya maka shi ba, kuma ka san matsayin malamanmu a kan surar abu mai rai. Aikin da ka nuna mini ba ya buƙatar sura ko ɗaya, launi ne da tsari da ɗinki, irin abin da idonka ya saba gani a aikin babbar riga da zanen ƙwarya da zayyanar allo. A nan ƙofa a buɗe take.

Yanzu batun kayan da kansu, wanda shi ne abin da hoton waya ba zai gaya maka ba. Na ga har ka fara tara marafan kwalaben lemo a cikin bokiti bayan zuga-zugi, kana tsammanin ban lura ba. Waɗannan ba irin nasa ba ne. Marfin kwalbar barasa alminiyum ne, mai taushi, almakashi yana yanka shi, kuma ba ya tsatsa. Marfin lemo mai haƙora kuwa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa shafe siriri, da zarar ka huda shi ka buɗe wa tsatsa hanya. Ka sa maganaɗisu a aljihu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa sai ka duba ko alminiyum ne ko tagulla. Ni na koyi wannan da kunya. Shekaru da yawa da suka wuce wani mai gida ya sa na yi masa ado a saman ƙofarsa, na jera marafan lemo na kafe su da ƙananan ƙusoshi, ranar da na gama har maƙwabta suka fito kallo. Damina ɗaya aka yi, jan ruwan tsatsa ya zubo a kan farin bangonsa kamar an tofa goro, na je da kaina na ciccire, na kuma biya mai fenti daga aljihuna.

Abin da yake da yawa a garinmu mai kama da kayansa shi ne gwangwanin lemo da na maltina, waɗanda alminiyum ne, sirara kamar takarda, masu launi iri-iri. Sai dai ka sani cewa rana irin ta Sakkwato tana cinye fentin jikinsu, don haka aikin na cikin ɗaki ne. Ka kuma sani cewa jan ƙarfe da alminiyum idan suka haɗu kuma danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyum ɗin ne yake ciwuwa a daidai wurin hudar. A rani ba za ka ga komai ba, amma kada ka jingina aikin a bangon da yake tsattsafo. Gefen gwangwani da aka yanka reza ne, saboda haka kowane guntu sai ka naɗe bakinsa kafin ka huda, kuma hudar kada ta matsa kusa da baki, in ba haka ba nauyin aikin zai yage ta idan aka rataye.

Akwai kayan da ban yarda su shigo maƙerata ba, ko don ado ko don wani abu. Batirin mota dalma ce da ruwa mai cin fata. Kwanon rufi idan ya ji wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko tukunyar gas, ba a kai musu wuta ko abin yanka da sunan ai babu komai a ciki, tururin da ya rage shi ne yake fashewa. Idan kuma wata rana ka yi sha'awar narkar da ragowar guntayen, alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, kuma ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a cikin gwangwani ya isa ya watso maka narkakken ƙarfe. Tabon da kake gani a damtsena na hagu daga nan ya samo asali. Wayar jan ƙarfe kuma ka samo ta daga ƙonanniyar fanka ko tsohon injin ban-ruwa a wurin masu gyara da ka sani. Duk yaron da ya kawo maka sabuwar waya mai kauri da rahusa, musamman da dare, ka sallame shi, domin daga turken wuta ko gidan wani aka yanko ta, kuma ranar da aka biyo sawu ƙofarmu za a tsaya.

Amsar tambayarka ta biyu ita ce na yarda ka gwada, amma ba za ka rage kurfoti ba, domin shi ne yake ciyar da kai da ni, kuma hannun da bai iya daidaita ƙafafun kurfoti uku ba, ba zai iya daidaita guntaye dubu ba. Na ba ka yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da kuma teburin da yake kusa da taga. Kada ka fara da girman bango. Ka fara da abin da bai wuce faɗin faifai ba, launi biyu kawai, ka rataye shi a ɗakinka har damina ta wuce mu ga yadda hudojin za su yi. Marafan lemon da suke cikin bokiti ka mayar wa mai bola-jari ya auna maka, ka karɓo gwangwanaye a madadinsu, ka wanke su da sabulu ka shanya, saboda zaƙin da ya rage a ciki yana tara tururuwa. Ƙaramin almakashina mai jan mariƙi yana cikin akwatin da yake ƙarƙashin benci, ka ɗauka, amma ka wasa shi tukuna.