Me ke jera ƙananan ƙwayoyi a cikin siririn bututu?

Malam, ka tambayi yadda ƙananan ƙwayoyi ke bin layi ɗaya idan ruwa ya ɗauko su ta bututun da faɗinsa bai fi silin gashi ba.

A irin wannan matsatsin wuri ruwa ba ya hautsinewa. Salin-alin yake tafiya: na tsakiya ya fi gudu, na jikin bango kuwa kusan a tsaye yake. Ƙwayar da ke ciki, gefenta ɗaya na cikin ruwa mai sauri, ɗayan na cikin mai nawa, sai ta riƙa mirginawa. Yadda gudun ke raguwa daga tsakiya yana tura ta wajen bango, bangon kuma yana ingizo ta baya. Inda ƙarfin biyu suka yi kunnen doki, nan take zama. Amma fa sai ruwan na da ɗan gudu, ƙwayar kuma ba ta cika ƙanƙanta ba.

A 1961 wasu masana kimiyya biyu, Segré da Silberberg, suka ga haka a bututu mai zagaye: ƙwayoyin sun taru kamar zobe, wajen kashi 60 cikin ɗari na nisan tsakiya zuwa bango.

Dogaye masu siffar sanda su suka fi burge ni. Tun 1922 wani masanin lissafi mai suna Jeffery ya lissafa cewa wuntsilawa suke yi, sai dai sun fi daɗewa a kwance, miƙe da ruwan, kafin su juya farat ɗaya.

Da yake manya da ƙanana ba layi ɗaya suke bi ba, ana iya rarrabe ƙwayoyin jini ba tare da matata ba.