Amsa kan batun a saya wa 'yan kwamitin masallaci bindiga

Wa alaikumus salam. Malam mai tambaya, ka ce ka kalli bidiyon cocin nan na Amurka inda ɗan bindiga ya buɗe wuta wani dattijo cikin masu ibada ya kwantar da shi nan take, shi ne kake cewa me zai hana mu ma kowane masallacin Juma'a a samu mutum biyu uku masu bindiga. Na ga har wasu sun fara cewa a yi karo-karo. To bari in sa baki, don na daɗe ina aikin agaji a nan Jos, tun zamanin da ba a san cajin mutane a ƙofar masallaci ba.

Bidiyon gaskiya ne, a jihar Texas abin ya faru, ƙarshen Disamban 2019. Amma dattijon nan Jack Wilson ba haka kawai ya zo ibada da bindiga a aljihu ba, shi ne shugaban masu tsaron cocin, kuma sana'arsa ce koyar da harbi, doka ta san da bindigarsa, sannan tun shigowar maharin da gemun ƙarya da doguwar riga suka sa masa ido. Duk da haka cikin daƙiƙa shida da abin ya ɗauka sai da mutum biyu suka mutu, ɗaya ma yana ƙoƙarin zaro tasa bindigar ne aka riga shi. A ɗaki ne mai haske, mutane na zaune a benci, maharin ɗaya tal.

Yanzu ka dawo gida. Harin masallacin 'Yan Taya a watan Yulin 2015 da dare aka yi, cikin azumi, wajen tafsirin Sheikh Sani Yahaya Jingir, ga harbi ga bam, a daren kuma wani bam ya tashi a gidan abinci a Bauchi Road. Na babban masallacin Kano a Nuwamban 2014 ma haka, bam ya fara tashi sannan aka bi masu gudu da harbi, sama da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Irin namu kenan. Jama'a dubbai, sahu har kan titi, ƙura ta tashi, kowa farar riga, kowa gudu yake. Don Allah wa za ka harba a nan? Harsashin da ya kuskure maharin bayan wani mai sallah zai shiga.

Kuma ruɗewa ba ta da jarumi. Wata Juma'a ana tsakiyar huɗuba tayar wata tifa ta fashe a titin da ke bayanmu, wallahi kafin ka ce kwabo sahun waje ya watse, takalma ko'ina, wani tsoho an tattake masa yatsu yana ta salati, sai wani yaro ya hau ihu "ga shi can, ga shi can" yana nuna wani saurayi mai jakar goyo da ke gudu kamar kowa. Da ƙyar muka ƙwace shi, mun yi masa zobe da jikinmu muna shan duka, da aka zazzage jakar littattafai ne da cajar waya, ɗan makaranta ne ya biyo daga lakca. Cikin masu dukan nan akwai dattawa masu hankali da nake ganin girmansu. Da a ce ranar akwai mai bindiga a cikinsu da jana'iza muka yi.

Sai maganar jami'an tsaro. Sojan da aka kira aka ce ana harbi a masallaci, ya diro daga Hilux ya ga mutum da kaftani riƙe da bindiga, kana jin zai tsaya tambayarsa ko ɗan kwamiti ne? A Amurkar ma da ake misali da ita, a 2021 a jihar Colorado wani mutum ya harbe ɗan bindiga ya ceci jama'a, ɗan sanda ya iso ya gan shi da makami a hannu ya kashe shi. Ga doka kuma, dokar makamai ta Najeriya ba ta yarda farar hula ya riƙe irin su AK ba, ƙananan ma sai da lasisin 'yan sanda, kuma a 2023 Sufeto Janar ya ce sun dakatar da bayarwa. Lokacin da Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga a 2022 ai babban hafsan tsaron ƙasa fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Yau aka kama ɗaya a masallacinku liman za a fara ɗauka.

Abin da ya fi damuna ma garin da muke ciki ne. Jos ce fa. Ranar da aka ji an ajiye bindiga a masallaci kaza, kafin magariba labari ya zama an sauke tirela guda ta makamai, maƙwabtanmu Kirista su ma su ce to mu zauna haka? Wanda ya ga 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda jita-jita ke ƙona unguwa. Sannan a wajen wa za a ajiye ta sauran kwana shida? Unguwannin da muke fama da 'yan sara-suka, ƙanin wani ko ɗan wani sai ya san inda mukulli yake, in an zo rikicin limanci ko kakar zaɓe kuma sai dai Allah ya kyauta.

Ban ce a miƙa wuya ba. Kare rai halal ne a addini, doka ma ta yarda, kuma ba na ganin laifin mutanen ƙauye da ke da tafiyar awanni tsakaninsu da caji ofis in sun tsayar da mafarauta da 'yan banga da hukuma ta san da su, nasu daban ne. A harin New Zealand na 2019 da aka kashe mutum 51 a masallatai biyu, a masallaci na biyu wani bawan Allah Abdul Aziz da na'urar POS ya jefi maharin ya bi shi har ya gudu, a wani masallaci a Norway a shekarar dattijo ɗan shekara 65 ne ya danne mai bindiga da hannu. Allah ya saka musu.

Mu dai abin da muka gani yana aiki a ƙofa yake. A tare titi da durom tun sha biyu kada mota ko keke-napep ta matso, sikana a kowace mashiga, mata su caje mata, jaka a bar ta waje ko ta waye, kuma masu tsayuwa su zama 'yan unguwa da suka san fuskoki. Ku je wajen DPO da takarda ku nemi a riƙa turo muku 'yan sanda ranar Juma'a da lokacin tafsiri, su ne da bindiga su ne da kaki. Ƙofofin gefe da ake garƙamewa da kwaɗo saboda ɓarayin takalmi a buɗe su lokacin sallah. Kuɗin karo-karon nan in har ya taru ku sayi sikana da fitilun sola da akwatin ba da taimakon gaggawa, ku samo nas ya koya wa yaranku yadda ake ɗaure rauni jini ya tsaya, ku kuma ware motar da za ta kai mutum asibitin JUTH ko na Plateau Specialist a san direbanta tun yanzu. In kwamitinku na so ku turo mutum biyu wannan Juma'ar su tsaya tare da mu su ga yadda muke raba ƙofofi, ka yi min magana ta inbox.