Takardun bincike sun yi yawa, ta ina za a fara tsara su?

Ɗan'uwa, ka ce ka tara takardu kan ƙwayoyin gado da yadda jiki ke sarrafa abinci, har ba ka tuna wa ya ce me. Shawarata, daina ajiye bayani da sunan marubuci, koma ajiyewa da sunan ƙwayar gado.

Kowace ka ware mata shafinta. Ɗauki ƙwayar gadon PAH: tana kan kuromosom na 12, ita ke samar da enzayim (furotin mai hanzarta aikin jiki) ɗin da ke mayar da sinadarin phenylalanine zuwa sinadarin tyrosine a hanta. In ta samu tangarɗa sai cutar PKU (taruwar phenylalanine a jiki), wadda Asbjørn Følling ya gano a Norway a 1934. Wannan ya zauna a saman shafi. A ƙasa, kowace takarda layi biyu sun ishe ta: me aka gwada, a kan wa, sai lambarta ta PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet. Takardun kansu zuba su a Zotero, manhajar adana takardun bincike, kyauta ne.

Wannan "a kan wa" ɗin, don Allah kada ka tsallake shi. Na taɓa shafe kwana biyu ina fama da sakamako biyu da suka saɓa, ashe ɗaya a ɓera aka yi. A rubuce, PAH mai manyan haruffa ta mutum ce, Pah ta ɓera. Ƙwayar gadon G6PD kuwa tana kan kuromosom X, wanda maza ke da ɗaya, mata biyu, don haka rubuta ko maza aka auna ko mata. In takarda ta ba da lambar gurbin da sauyi ya faru a kan kuromosom, saka a gefe taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ta bi, GRCh37 ko GRCh38, domin lambobinsu ba ɗaya ba ne.