Akwatin wutar da ya zo cikin kes zai iya ɗaukar sabuwar kwamfutar gem ɗina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar buga gem da hannuna, yanzu saye ya zo amma hankalina ya kasa kwanciya. Abin da na tsayar shi ne firosesa Ryzen 5 7600, madabod B650, ram 32GB da katin hoto RX 7800 XT, allona kuma 1440p ne. Wani mai gyara ya ce kada in ɓata kuɗi a kan akwatin wuta (power supply, mai raba wa kayan kwamfuta wuta), in yi amfani da wanda ya zo cikin kes, tunda an rubuta masa wat 750, rarar kuɗin kuma in cika in ɗauki firosesa 7800X3D. Wai wuta duk wuta ce, ba ta ƙara wa gem gudu. Ba ni da halin sayen kaya sau biyu. Don Allah ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, zaɓinka ya yi daidai, kuma kayan sun dace da juna. A 1440p katin hoto ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, RX 7800 XT kuwa da 16GB ɗinsa zai kai ka nesa. 7800X3D firosesa ce mai kyau ƙwarai, amma bambancinta da 7600 ya fi fitowa a gem ɗin gasa da ake neman hoto ɗari biyu ko uku a daƙiƙa, ko gem ɗin da lissafi ya yi musu yawa. A manyan gem masu nauyin hoto, katinka zai kai iyakarsa tun kafin 7600 ta gaji. Kuma AMD, kamfanin da ke yin waɗannan firosesocin, ta ce za ta ci gaba da tallafa wa soket AM5, wato mazaunin firosesa a madabod ɗinka, har 2027 da bayanta, don haka canjin firosesa ba ya guje maka. Ram ɗin ka saye shi sanda biyu na 16GB, DDR5-6000, ka tuna ka kunna EXPO, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, a BIOS, wato shafin saitin madabod. SSD kuma, wato ma'ajiyar bayanai, NVMe na PCIe 4.0 ya wadatar. Wannan ɓangaren ya ƙare.

Inda zan tsaya shi ne maganar mai gyaran nan, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma ita ce ke kashe wa mutane kaya. Gaskiya ne akwatin wuta ba ya ƙara wa gem gudu. Amma a duk abin da ka lissafa, shi kaɗai ne ke ba madabod, da firosesa, da katin hoto, da SSD wuta a lokaci guda. Ram in ya lalace shi kaɗai ya tafi. Akwatin wuta mara kyau in ya tashi mutuwa yana iya tafiya da na kusa da shi.

Wat 750 da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin akwatin da ba a san wanda ya ƙera shi ba, ba hujja ba ce. Je ka karanta ƙaramin jadawalin da ke gefensa, ka nemi layin +12V. Firosesa da katin hoto daga bolt 12 suke sha, sauran layukan na bolt 5 da 3.3 aikinsu kaɗan ne a kwamfutar zamani. Ka ninka 12 da adadin amfiyan da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Akwatin wat 750 na gaskiya zai nuna amfiya 62 ko kusa da haka. Idan ka ga amfiya 30, to abin da ke hannunka wat 360 ne a inda ake buƙata, sauran lambar an cike ta ne da layukan da ba za ka mora ba, ko da ƙarfin da yake iya kaiwa na ɗan lokaci kafin ya sare. Wannan ma idan jadawalin ya faɗi gaskiya kenan.

Yanzu duba buƙatarka. Katinka yana jan wat 263, 7600 tana iya kaiwa 88, madabod da ram da SSD da fankoki su ƙara kamar 50. Ka haye 400 kenan, ita kuma AMD wat 700 ta ba da shawara ga wannan katin. Me ya sa tazarar ta yi yawa haka? Saboda katin hoto ba ya shan wuta a daidaice. Yakan yi fizgar da ta zarce adadin da aka rubuta masa sosai, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta shardanta wa akwatunan da suka haura wat 450 masu sabuwar wayar katin hoto su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikurosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Akwatin kirki yana shanye fizgar, ko ya kashe kansa lafiya idan ta fi ƙarfinsa. Na bogi ba shi da wannan kariyar. Babu mai tsayar da shi in bolt ya haura, ko wuta ta haɗu, ko zafi ya yi yawa, don waɗannan su ne abubuwan farko da ake cirewa a rage kuɗin ƙira. Banza ba ta kai zomo kasuwa, akwatin da aka haɗa maka kyauta da kes akwai inda aka rage masa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda cutar ke ɓuya. Ranar farko kwamfuta za ta tashi lafiya, mai gyara ya ce ka gani ko. Bayan wasu makonni sai ta fara mutuwa a tsakiyar gem, ko allo ya yi baƙi. Daga nan a ɗora wa Windows laifi a sake zuba ta, a ce ram ne a canza, a ce katin ne mai matsala. Mutum ya yi ta kashe kuɗi yana zagaye, ainihin mai laifin yana zaune a gindin kes ba wanda ya kalle shi. Wanda ya ba da shawarar kuwa ba zai biya ka ko sisi ba ranar da katin ya ƙone. Duk mai gyaran da zai ce maka wuta duk wuta ce, bai taɓa auna abin da ke fitowa daga akwatin ba, kuma bai kamata a bar shi yana ba mutane shawara a kan dukiyarsu ba.

Kada kuma tambarin 80 Plus ya ruɗe ka. Abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ba: a wutar bolt 115, Bronze kashi 85 cikin ɗari a rabin nauyi, Gold kashi 90. Ba ya ba da shaida a kan ingancin kafasita ko kariyar da na ambata, kuma akwai masu manna tambarin ba tare da an gwada kayansu ba. Sunan kamfani ma shi kaɗai bai isa ba, don kamfani ɗaya yakan fitar da mai kyau da mara kyau. Samfurin da kansa za ka bincika, ka nemi gwajin waɗanda suka ɗora masa nauyi da na'ura suka auna. Dubi garanti kuma: masu kyau sukan zo da shekara 7 zuwa 10.

To ga abin yi. Ka riƙe 7600 ɗinka, ka sayi sabon akwatin wat 750 na gaske, ATX 3.0 ko 3.1, mai wayoyin katin hoto masu fil 8 guda biyu, kowace ka ja ta daban daga akwatin zuwa katin. Kada ka yarda a jona maka katin da adaftar da ke ɗaukar wuta daga wayar SATA, wato wadda ke ba hadis wuta. Kan SATA wat 54 yake ɗauka a bolt 12, mai fil 8 kuwa 150 ake nema a wurinsa, yana iya narkewa. Idan akwatin mai wayoyin cirewa ne, da nasa kawai za ka yi aiki, domin tsarin filolin da ke gefen akwatin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, wayar wani tana iya shiga daram ta aika bolt 12 inda bolt 5 ya kamata. Shi kuma wancan na cikin kes, kwance shi ka ajiye gefe, kada ka buɗe shi don ganin cikinsa, kafasitocinsa suna riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. In kuɗin bai kai ba a yanzu, ka jinkirta fankokin ado ko ka fara da SSD na 1TB, ka ƙara wani daga baya.