Hannu ɗaya, haruffa 33: saita wa ɗalibi kwamfutar rubuta Rashanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Kazan ta ƙasar Rasha, yanzu yana shekarar share fage ta koyon harshe. Tun yana ɗan shekara uku shan inna ta taɓa masa hannun dama, komai da hagu yake yi. Laftof ɗin da muka saya masa a Kano mai Windows 11 ce, haruffan Turanci ne kaɗai a jikinta. Malamarsu ta fara ba su aikin da za a buga a kwamfuta, shi kuma a waya yake lallaɓawa ya rubuta sannan ya tura wa kansa. Wani abokinsa ya ce ya sa tsarin da in ya danna A za ta ba shi A ɗin Rashanci. Wannan ne ya fi, ko sai mun sayi wata kwamfutar?

Daga wata mai karatu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan kula, Ya ba ƙanin naki nasara. Kada ku sayi komai tukuna. Kwamfutar da ke hannunsa ta isa, kuma kusan duk abin da zan faɗa yana cikinta, kyauta. Shawarar abokin nasa kuwa da kyakkyawar niyya aka ba shi ita, amma ni ban goyi bayanta ba.

Rashanci yana da haruffa 33, Turanci 26. Tsarin da abokin ke nufi, wanda Windows ke kira Russian Mnemonic, yana ɗora kowane harafin Rashanci a kan na Turancin da suka yi kama a furuci. Ga mai hannu biyu da zai rubuta saƙo ɗaya a wata, wannan sauƙi ne. Amma ki dubi kibod ɗin da ke gabanki. A tana can ƙarshen hagu, O tana can kusa da ƙarshen dama. Su biyun nan suna cikin haruffa uku da suka fi yawan fitowa a Rashanci, har О ita kaɗai takan kai kusan ɗaya cikin kowane haruffa goma. Kalma kamar хорошо, wato "da kyau", О uku ne a cikinta. Mai hannu ɗaya zai yini yana safa da marwa tsakanin gefe da gefe, kafin la'asar kafaɗa ta fara ciwo. Ga kuma haruffan da ba su da takwara a Turanci, irin su Щ da Ъ da Ю, waɗanda sai an nemo musu wata dabara.

Tsarin da Rashawa da kansu ke amfani da shi sunansa ЙЦУКЕН, daga haruffa shida na farkon layin sama. Daga keken rubutu aka gaje shi, ya kuma zauna a siffarsa ta yau tun shekarun 1950. Waɗanda suka tsara shi sun tara haruffan da aka fi bugawa a tsakiya, suka kora marasa yawa gefe. А tana kan F, О tana kan J, Е tana kan T, Н tana kan Y, И tana kan B, Т tana kan N. Waɗannan shida su ne kan gaba wajen yawa a harshen, kuma tafin hannu ɗaya yana rufe su duka. Na biye da su, С da Р da В da Л, su ma suna kan C da H da D da K, ba nisa. Ba don masu hannu ɗaya aka yi shi ba, amma ya dace da su fiye da yadda tsarin Turanci ya dace. Ƙari a kan haka, shi ne zai tarar a ɗakin kwamfuta na jami'a, da laburare, da kan wayar kowane ɗan ajinsu. In ya saba da wani daban, ranar jarrabawa ya zama baƙo a gaban na'ura.

Ga yadda zai sa shi. Ya buɗe Settings, ya shiga Time & language, sai Language & region, ya danna Add a language, ya nemo Russian. Wurin saukewa zai ga akwatin da ke tambaya ko a mayar da Windows ɗin gaba ɗaya Rashanci. Ya bar shi ba alama, in ba haka ba zai wayi gari da kwamfutar da ba ya iya karanta umarninta.

Sai dai tsarin da Windows zai ba shi kai tsaye yana da aibi ɗaya da Rashawa ma ke kuka da shi, wato waƙafi. Da yake haruffan sun yi wa kibod ɗin Turanci yawa, sun cinye maɓallan alamomi: Б ta hau maɓallin waƙafi, Ю ta hau na aya, Ж da Э da Х da Ъ suka raba sauran. Aya da waƙafi sai aka cusa su a maɓalli ɗaya a kusurwar ƙasa ta dama, kuma waƙafin sai an haɗa da Shift. Rashanci kuwa harshe ne mai cin waƙafi. Kafin что ("cewa"), kafin который ("wanda"), kafin но ("amma"), kusan kullum sai an sa, kuma malaman share fage ba sa yafe shi. Hannun hagu zai riƙa barin tsakiya yana tsallakawa can kusurwa sau biyu ko uku a jimla guda.

Maganin yana nan cikin Windows, mutane ne ba su cika lura da shi ba. A gaban Russian ɗin da ya sauke akwai ɗigo uku. Ya danna, ya shiga Language options, sai Add a keyboard, ya zaɓi Russian Typewriter, wato tsarin keken rubutu, wanda a Windows na Rashanci ake rubuta shi Русская машинопись. Haruffa duk suna inda suke, ban da Ё da ta koma kusurwar ƙasa ta dama. Abin da ya sauya shi ne layin lambobi: waƙafi yana kan 6, aya tana kan 7, alamar tambaya tana kan 9, duk ba Shift. Maɓallan 6 da 7 kuwa suna saman Н da Г, daidai inda yatsunsa suke. Kuɗin da zai biya shi ne lambobi, don su ne yanzu ke neman Shift. A wannan shekara da aikinsa insha'i ne da nahawu, cinikin ya yi riba. In ya shiga karatun magunguna sosai, lissafi ya yi yawa, ƙaramin kibod na lambobi mai shiga ta USB zai ɗauke masa nauyin, ko ya riƙa juyawa Turanci in zai buga jerin alƙaluma. Ya goge tsarin farko daga jerin bayan ya sa wannan, don kada su zama biyu suna ruɗa shi.

Juyawa tsakanin harsuna abu ne da zai yi sau ɗari a rana. Maɓallin Windows tare da na tazara yana yi, kuma hannun hagu yana iya kama su biyun a tare. In yana son dannawa ɗaya tak, ya shiga Typing a ƙarƙashin Time & language, sai Advanced keyboard settings, sai Input language hot keys, sai Change Key Sequence, ya zaɓi Grave Accent, wato maɓallin nan da ke ƙarƙashin Esc. A tsarin da aka saba, a nan Ё take zaune, kuma wanda ya yi haka ya rasa ta. Rashawa kan rubuta Е a madadinta su wuce, amma ɗalibi yana buƙatar bambanta все, "kowa", da всё, "komai". A tsarin keken rubutu babu harafi a wurin, saboda haka ba asarar harafi. Windows yana da kibod na Hausa ma, ga mai son ɓ da ɗ da ƙ, sai dai harshe na uku yana tsawaita zagayen. Ni da zan bar biyu kawai a lokacin karatu.

Sai Sticky Keys, wanda shi ne babban abokin duk mai hannu ɗaya. Yana cikin Accessibility, ƙarƙashin Keyboard. In an kunna shi, ba sai an riƙe Shift ko Ctrl ko Alt ba: a danna a saki, sannan a danna harafin. Danna Shift sau biyu a jere yana kulle shi har sai an sake dannawa. Danna Shift sau biyar yana kunna Sticky Keys a kusan kowace kwamfuta mai Windows, ko da ba tasa ba ce. Ya haddace sunansa na Rashanci, Залипание клавиш, don shi zai gani a kwamfutocin jami'a. A cikin saitin akwai zaɓin da ke kashe shi da zarar an danna maɓalli biyu a tare. Ya cire wannan, domin shi yakan kama Ctrl da C da hannu ɗaya ba tare da tunani ba, sai ya ga abin ya mutu bai san dalili ba. Wani sauƙin kuma daga harshen ne: Rashanci ba ya son babban baƙi kamar Turanci. Sunayen watanni, da ranakun mako, da na al'ummai, har da я mai nufin "ni", duk da ƙaramin baƙi ake rubuta su. Na farkon jimla kuma Word yana gyarawa da kansa.

Zaman hannu shi ne abin da saiti ba zai yi masa ba. Ya ɗora ƙaramin yatsa a kan А, mai bi masa a kan П, na tsakiya a kan Р, manuniya a kan О, wato F da G da H da J, babban yatsa kuma a kan tazara. Ɗan tudun da ke kan F da J zai riƙa nuna masa gida ba tare da ya duba ba. Kada ya ajiye laftof ɗin a tsakiyar ƙirjinsa kamar kowa. Ya matsar da ita hagu har waɗannan haruffa huɗu su yi saiti da kafaɗarsa ta hagu, gwiwar hannu a kusa da jiki. Wannan hannun shi ne na rubutu, na cin abinci, na ɗaukar jaka a kan ƙanƙarar Kazan, ba shi da na canji. In ya fara jin zafi ko ɗaurewa a wuyan hannu, ya tsaya ya huta, in abin ya ci gaba ya ga likita. Manhajojin koyon buga Rashanci kamar Stamina za su taimaka wajen sanin wurin haruffa, amma don yatsu goma aka yi su, kada ya bi abin da suka ce game da wane yatsa ne zai taɓa wane harafi.

Batun haruffan da babu a jikin maɓallai ƙarami ne. Shagunan kwamfuta a Rasha suna sayar da sitika masu haruffan Rashanci da araha, akwai kuma masu zana su da laza a jikin maɓallan. Sitikar tsarin da aka saba ce, don haka ya manna Ё a sabon wurinta, ya rubuta waƙafi da aya da kansa a kan 6 da 7. In za ku kashe kuɗi a kan wani abu, ƙaramin kibod na waje marar sashen lambobi ya fi komai amfani, saboda yana iya karkata shi yadda hannu ke so. Linzamin kwamfuta ya koma hagu, a sauya babban maɓallinsa a cikin saitin Mouse.

Kalmomin Rashanci dogaye ne. Gaisuwar здравствуйте kaɗai haruffa 12 ce. A Word akwai AutoCorrect, inda zai koya wa kwamfuta cewa in ya buga здр ta cika sauran. Ya yi wa sunan jami'arsa, da na tsangayarsa, da dogayen sunayen darussa haka. Amma kada ya yi wa kalmomin da ake koya masa yanzu, don hannu ne ke haddace rubutu.

Dalilin da ya sa nake ja da baya da rubutu da murya ke nan. Yana aiki: a Windows 11 maɓallin Windows da H yana buɗe shi, yana jin Rashanci in harshen ne a kunne kuma akwai intanet, Google Docs ma yana da nasa. Sai dai Rashanci ba yadda ake faɗa ake rubutawa ba. Madara ana rubuta ta молоко, ana furta ta kusan "malako". Ƙarshen kalma kuma yana sauyawa bisa matsayi shida na nahawu, kuma a nan ne jarrabawa take. Na'ura za ta riƙa zaɓar masa ƙarshen, wani lokaci daidai, wani lokaci kuskure saboda lafazin baƙo, shi kuma bai san wanne ne wanne ba. Ya ajiye ta don daren da hannu ya gaji aiki kuma bai ƙare ba.

Zai yi wani kuskure da babu mai rubuta Rashanci da bai yi ba: ya buga layi guda kansa a sunkuye, ya ɗago ya ga ghbdtn a maimakon привет, saboda ya manta bai juya harshe ba. Ga mai hannu ɗaya sake bugawa hasara ce babba. Manhajar Punto Switcher ta kamfanin Yandex tana gane irin wannan ta juya da kanta. Tana da sashen da ke iya adana duk abin da aka buga, ya tabbata wannan a kashe yake.

Abu na ƙarshe ba na kwamfuta ba ne. Dokar ilimi ta Rasha ta 2012, a sashe na 79, ta yi tanadin yanayi na musamman ga ɗalibai masu lalurar jiki. Ya je ofishin shugaban tsangayarsu, wanda suke kira деканат, da takardun asibiti da aka fassara zuwa Rashanci, ya nemi a rubuce a ba shi ƙarin lokaci a jarrabawa da izinin sa tsarin keken rubutu a kwamfutar da zai zauna a kai. Ya yi haka tun yanzu, kafin jarrabawar ƙarshen zango ta matso.