Tambaya da Amsa: Kuɗin Mataimakin Likita a Amurka

Tambaya: Salam Malam. Ɗana yana aikin mataimakin likita a Kalifoniya, yace in ya duba ma'aikacin da ya ji rauni a wajen aiki inshora ba ta biyan kuɗin daidai da na likita, alhali ɗinki ɗaya ne, allura ɗaya ce. Wai cutarsa ake yi ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, ba shi kaɗai bane, tsarin ne haka. Tun 1998 shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayyar Amurka, yake biyan mataimakan likita kashi 85 cikin 100 na kuɗin likita, jihohi da dama kuma suka kwafa a jadawalin kuɗin jinyar ma'aikatan da suka ji rauni a wajen aiki, har da Kalifoniya. Wato leburan gini ya yanke hannu, ɗinkin da za a biya likita dala 100, in ɗanki ne ya yi 85 za a bayar, kuma galibi asibitin ne ke karɓa ba shi ba, shi albashinsa daban. Ni dai a ganina ragin nan ya yi yawa tunda aikin iri ɗaya ne. Kowace jiha da dokarta fa, in zai koma wata ya fara duba jadawalinta.